Jiyyar Dashen Haƙori Amana Ce a Wuyan Mutanen Gida

Tun da sufuri ya sauƙaƙa, aka kuma sami waɗansu 'yan'uwanmu na Rawayau da sauran garuruwan ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma da Allah Ya hore musu abin zuwa Kano ko Abuja, wasu ma har Masar, domin a dasa musu haƙori a madadin wanda ya faɗi, sai wata mas'ala ta taso wadda ba a cika tattauna ta a majalisunmu ba, ita ce ta yadda za a yi jiyyar mutum bayan ya baro hannun likita ya komo cikin iyalinsa. Ra'ayina shi ne, likita rabin aiki yake yi, ragowar rabin kuwa, wanda ya fi tsawo, amana ce a wuyan mutanen gida.

Ya kamata mai karatu ya rarrabe tsakanin wannan aiki da haƙorin Makka da alhazanmu suka saba dawowa da shi, domin shi wancan galibi hula ce ta zinariya ko azurfa da ake kifawa a kan haƙorin da yake nan daram, alhali shi dashe tiyata ce sosai, a tsaga dasashi, a huda ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura wani ɗan ƙarfe mai suna taitaniyam a ciki, sannan a ɗinke. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a shekarar 1952 cewa ƙashin zomo ya kama wannan ƙarfe har ya ƙi rabuwa da shi, kuma a 1965 ya fara dasa wa ɗan Adam. Kamawar nan ba ta kammaluwa sai an yi wata uku zuwa shida, kuma misalinta kamar turken ƙarfe ne da magini ya kafa cikin ɗanyen siminti, wanda in aka yi ta girgiza shi kafin ya bushe, har abada ba zai tsaya da ƙarfinsa ba.

Yinin farko shi ne mafi haɗari, saboda gudan jinin da ya daskare a bakin rauni shi ne murfinsa, kuma duk abin da zai tumɓuke shi, kamar yawan tofar da yawu, ko kurkure baki da ƙarfi, ko zuƙar abin sha da tsinke, ko kurɓar shayi yana tururi, wajibi ne a nisance shi. Sai majiyyaci ya ciji audugar da aka ba shi na kimanin rabin sa'a, ya kwanta an ɗaga kansa da matashi biyu, a kuwa samo masa ruwan leda mai sanyi daga shagon da ke da firiji, a naɗe da tsumma mai tsabta, a riƙa dafa masa a kunci na minti 15 ana hutawa. Kumburi yakan kai matuƙa a kwana na biyu ko na uku sannan ya fara saɓewa, don haka kada ganinsa ya firgita kowa. Bayan kwana ɗaya cur ne ake fara wanke baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a hankali, ana sunkuyawa ruwan ya zuba da kansa.

Wajen abinci ne hikimar uwargida take bayyana, wadda za ta dama kunu ta tace shi sarai, ta ajiye shi ya huce, ta ɗiga a bayan hannunta ta ji zafinsa kafin ta miƙa wa Malam, gobe ta sauya masa da fura da nono da aka dama lilis, jibi alale ko dafaffen ƙwai ko faten dankali, domin jiki ba ya gina tsoka da yunwa. Rake da ƙuli-ƙuli da aya da kilishi kuwa sai a yi musu sallama har likita ya ba da izni. Na sha ganin dattijo ya zaro magoginsa daga aljihu yana cewa ai gogaggen goro ba ya bukatar tauna, ya manta cewa ɓarɓashin nan shi ne zai maƙale a cikin ɗinki ya zama sanadin ruɓa. Taba ta fi kowanne illa, ko ta hayaƙi ko ta gari, domin tana tsuke hanyoyin jinin da ke ciyar da rauni. Mai ciwon sukari kuma ya san cewa nasa tsaron ninki biyu ne.

Ta fuskar ibada, shari'a ba ta bar mu cikin ƙunci ba. Asalin gyaran abin da ya ɓaci a jiki ya halatta, kuma fuƙaha'u sun kafa hujja da ƙissar sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Kurkure baki a alwala sunna ne a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda kowane ɗalibin Ahalari da Ishmawi ya sani, saboda haka wanda ya bar shi yini guda bisa lalura alwalarsa ta inganta. Asuwaki ma sai a yi shi a sauran haƙora, a kauce wa wurin ɗinki.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan dubiya, waɗanda niyyarsu kyakkyawa ce, ladansu kuma yana wurin Allah, amma kowannensu ya shigo da nasa magani, wannan ya ce a cusa kanumfari, wancan ya ce a jiƙa kanwa, wani ya zaro asfirin daga kemis, alhali kuwa asfirin yana tsinka jini ya hana shi tsayawa. Haƙƙin mara lafiya a kanku, ya 'yan'uwa, shi ne gaisuwa da addu'a da gajarta zama. Maganin da likita ya rubuta kuma a shanye shi har ƙarshe, ko da an ji sauƙi tun da wuri.

Dauriya halin kirki ce, amma ɓoye ciwo ba ya cikinta. In jini ya ƙi tsayawa duk da cizon auduga, ko zazzaɓi ya rufe mutum, ko kumburi ya ci gaba da hauhawa bayan kwana uku, ko mugunya ta fito, ko leɓe ya wuni ya kwana a mace, to, kada a jira ranar komawa, a buga wa likita waya nan take, in ba a same shi ba a nufi asibiti mafi kusa a Kurfi ko Dutsin-Ma, ko a zarce Katsina. Ina kuma roƙon likitocinmu, tun da sun san majiyyacin nan tafiya mai nisa zai yi, su riƙa rubuta masa waɗannan ƙa'idoji da Hausa, da boko ko da ajami, su kuma karanta su a gaban wanda ya rako shi, domin shi ne zai tsaya a kansu idan an isa gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jiyyarsu da alheri.