*KUNUN ZAƘI DA GIYAR JAPAN: HANYA ƊAYA, MASAUKI DABAN*

 

Zafi ya kankama, kowa na neman abin jiƙa maƙoshi, don haka yau maganar abin sha za mu yi. Za mu ɗauko ta daga nesa, amma gida za mu sauke ta.

A ƙasar Japan akwai wata giya da suke kira *sake*, da shinkafa ake yin ta. Kowane yanki da irin tasa: ta Nada da ke Kobe daban, ta Fushimi da ke Kyoto daban, ta Niigata daban. Har gwanayen ɗanɗano gare su. Sai su zuba a farin kofi mai zane shuɗi a gindi, su dubi launi, su shinshina, su kurɓa, sannan su ce ta wane gida ta fi. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a tasu cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Mu dai giya haramun ce, wannan babu ja. To me ya kawo ta nan? Yadda ake yin ta. Ana turara shinkafa, a barbaɗa mata wata irin fumfuna mai suna *koji*, ita kuma ta mayar da sitacin shinkafar ya koma sukari. Daga nan yis ya cinye sukarin cikin 'yan makonni, ya bar sinadarin maye wajen kashi 15 cikin 100. In kuwa aka tsaya a matakin farko, abin da ake samu wani kunun shinkafa ne mai zaƙi, *amazake*, wanda har yara suna sha.

Yanzu ki duba tukunyarki, uwargida. Kin jiƙa gero ko dawa, kin markaɗa da citta da kanumfari, kin dama rabi da tafasasshen ruwa, ya ɗan huce kin zuba ɗanyen ƙullun da kika haɗa da dankali ko tsiron shinkafa, kin rufe ya kwana. Da safe ga shi ya tsinke ya yi zaƙi. Wa ya sa masa sukari? Babu. Dankalin da tsiron ne suka yi aikin da koji ke yi a Japan. Ke nan kunun zaƙi ya riga ya ci rabin hanya. Shi kuma yis ba sai an sayo ba, yana nan a jikin hatsi da mazubi. Ita ma burkutu daga tsiron dawa take farawa. Abin da ya raba su da kununmu lokaci ne da zafi.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. A Sahihu Muslim, Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa tana jiƙa wa Annabi (SAW) abin sha da safe ya sha da dare, ta jiƙa da dare ya sha da safe. Ibn Abbas (RA) kuma ya ruwaito cewa ba ya barin jiƙon ya wuce yammacin rana ta uku. A Sunan Abi Dawud, da Abu Huraira (RA) ya kawo masa jiƙon da ya fara kumfa, cewa ya yi a zubar.

A lura fa, ba duk tsami ne maye ba. Nono tsami ne asalinsa, halal ɗinsa kuma. Abin gudu shi ne kumfa da ƙarfi da warin barasa.

Ra'ayina shi ne: mu a nan Utai mun raina abin shanmu. Mutanen Japan na bambance giyar gari da gari, mu kuwa da Allah Ya ba halal, in yarinya ta zo da talla, “na nawa ne?” da “akwai sanyi?” kawai muke tambaya. Ranar Juma'a a kasuwar Wudil robar kunu za ta wuni a rana tun hantsi har la'asar, mutum ya ɗaga ya shanye, ya miƙa wa yaronsa ragowar. Gobe ciki ya ɗauka, a ce shawara ce.

Ku gwada wannan a gida: a sayo kunu daga gida uku, a zuba kowanne a farin kofi.

*Ido:* in roba ta kumbura, ko ta yi “fuss” da aka buɗe, ko ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa, aiki ya yi nisa.

*Hanci:* ƙamshin citta da gero ake so. In ka ji kamar ƙullin burodi da ya tashi, ajiye.

*Harshe:* zaƙin dankali a hankali yake zuwa, ya wuce salin alin. Zaƙin sakarin kuwa maƙalewa yake, ya bar ɗaci-ɗaci a maƙogwaro. In kunu na tsikarin harshe kamar lemon kwalba, ya juya.

Haka za a yi wa zoɓo da kunun aya. Shi kunun aya ma ya fi kowanne saurin lalacewa, in babu sanyi 'yan awoyi ne.

Sai dai harshe ma yana da iyaka. Ba ya jin ƙwayar kwalara ko taifot, ba ya gane gurɓataccen sinadari. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da garin “ɗan tsami” na bogi da ake haɗa lemo da shi ya kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasa rayukansu, har NAFDAC ta shiga bincike. Don haka ka san mai yi maka kunu, ka san ruwan da take amfani da shi, ka san inda take samo robobi.

Ba cewa nake a guji masu sana'ar ba, Allah Ya kiyaye. Da wannan kunun wata ke ciyar da marayu. Cewa nake in mun kwatanta mun gane mai tsafta, mu riƙe ta, mu tallata ta, ko da nata ya ɗara tsada. Ke kuma mai yi, ki yi daidai na yini, kar ki haɗa na jiya da na yau, kar ki rufe tsami da sakarin. In tsami kike so, ga tsamiya ga lemon tsami. Asarar roba biyar ta fi haƙƙin ɗan wani a wuyanki sauƙi.

Masu ciwon suga kuma a kula: kunun zaƙi ko ba a sa sukari ba, da sukarinsa a ciki.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya shayar da mu halal, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa, musamman iyayenmu mata.