Ba Duk Jirgin Da Ya Faɗo Aka Yi Wa Zagon Ƙasa Ba

A shekarar 1974 tashar ABC ta Amurka ta haska wani kashi na shirin The Six Million Dollar Man mai suna The Deadly Replay. Ga wanda bai san shirin ba, labarin Steve Austin ne, matuƙin da aikinsa gwada sababbin jiragen sama. Jirgi ya faɗo da shi, ya rasa ƙafafu biyu da hannu ɗaya da ido ɗaya, gwamnati ta kashe dala miliyan 6 ta sa masa na inji. A wannan kashin sai aka gaya masa cewa da alama hatsarin nan ba tsautsayi ba ne, akwai wanda ya yi wa jirgin zagon ƙasa. Shi kuma ya amince ya sake tashi da jirgin bayan an gyara shi, don mugun ya ƙara gwadawa a damƙe shi.

Labarin ya yi daɗi, babu musu. Amma hoton faɗuwar jirgin da ake nunawa a farkon shirin ba haɗin fim ba ne. Hatsari ne na gaske da ya faru ranar 10 ga Mayu, 1967, a kan wani busasshen tafki da ke sansanin sojan sama na Edwards a jihar Kalifoniya. Sunan jirgin M2-F2, na hukumar NASA, kuma matuƙinsa Bruce Peterson. Jirgi ne marar fukafukai, siffar jikinsa ce ke riƙe shi a iska, kuma babban jirgi samfurin B-52 ne ke ɗaukarsa sama ya sake shi. Da ma yana da halin yin tangal-tangal dama da hagu. Ranar ya yi hakan sosai, Peterson ya shawo kansa da ƙyar, sai ga jirgin ceto mai saukar ungulu a kusa ya ɗauke masa hankali. Kafin tayoyi su gama fitowa ya daki ƙasa ya yi ta ƙundumbala. Peterson ya rayu, amma ya rasa ganin idonsa na dama.

Babu maƙiyi a ciki, babu wanda ya yanke waya cikin dare. Injiniyoyi suka zauna suka gano aibin ƙirar, suka sake gina jirgin, suka ƙara masa bindi na uku a tsakiya, suka sa masa suna M2-F3, tangal-tangal ɗin ya ragu.

Ban ga laifin marubutan shirin ba. Fim yana buƙatar mugu mai fuska, wanda za a kama kafin lokaci ya ƙare. Damuwata ita ce mun ɗauko wannan tunanin mun shigo da shi rayuwa. Yau idan jirgi ya faɗi, kafin a ciro na'urar da ke naɗar bayanan tafiyarsa, saƙon murya ya riga ya zagaye WhatsApp yana faɗin wanda ya kitsa abin da kuma dalilinsa. Mai turawa yana jin kansa wayayye, ya gano abin da ake ɓoyewa. Bai san ya yi wa kamfanin da ya ƙera kayan alheri ba, domin muddin hankali ya koma kan wani maƙiyi na ɓoye, babu mai tambayar wa ya sa hannu a takardar cewa kayan nan lafiyarsu ƙalau.

Ku duba Boeing 737 MAX. Jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indonesiya a watan Oktoba na 2018 da mutum 189. Na Ethiopian Airlines ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Addis Ababa a watan Maris na 2019 da mutum 157. Rayuka 346 ke nan. Abin da bincike ya nuna shi ne wata manhaja mai suna MCAS, wadda ke karkatar da hancin jirgin ƙasa da kanta, a wancan lokacin tana dogara da na'urar awo guda ɗaya tak. Idan na'urar ta ba da bayanin ƙarya, manhajar ta bi ta, kuma ba a sanar da matuƙa yadda ya kamata cewa manhajar tana nan ba. Da an tsaya a kan zancen maƙarƙashiya, da wataƙila ba a dakatar da jiragen ba.

Ko wayar hannunku ta taɓa shiga irin wannan. Galaxy Note 7 ta fito a watan Agusta na 2016, ta fara kamawa da wuta, har aka hana shiga jirgi da ita. A Janairun 2017 Samsung ta fito da bayani: a kashin farko gidan batirin ya matse shi har kusurwarsa ta lanƙwashe, a na biyun da aka yi musanya da shi kuma kuskuren walda ne. Kuskure biyu daban-daban, duk daga masana'anta.

Wani zai ce ai zagon ƙasa ma yana faruwa. Ƙwarai kuwa. Na'urorin karɓar saƙo da suka yi ta fashewa a Lebanon a watan Satumba na 2024 da gangan aka cusa musu abin fashewa kafin su isa hannun masu su. Sai dai ku lura, dubbai ne suka tashi kusan a lokaci guda, a hannun mutanen ƙungiya ɗaya, kuma batir ba ya yin haka don kansa. Hujja ce ta nuna akwai hannu, ba don wani ya ji a jikinsa ba.

M2-F3 ɗin nan har yanzu yana nan, a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian. Duk mai data zai iya neman hotonsa ya ƙirga bindin da ke bayansa.