'Ya'yan Zazzau Biyu da Gardamar Zaɓen 'Yan Wasa

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Doka ko Babban Dodo da dare ya san yadda samari ke cika gidajen kallon ƙwallo, kuma ya san in an tashi ba gida suke nufa ba, teburin mai shayi suke yi wa tsinke a buɗe gardama. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, yawancin gardamar nan ba a kan wasan take ba. A kan ciniki take: wane aka saya, nawa aka biya, shekara nawa aka rubuta masa, don me aka sa wane aka bar wane a benci. Dattawa da yawa sun ɗauki wannan zance wargin yara, alhali kuwa mas'alolin da ke cikinsa su ne waɗanda malami ke karantarwa a zaure, ɗan kasuwa kuma ke fama da su a rumfa, watau ijara da wakilci da alkawari da kyautar ma'aikaci. Akwai labari biyu da suka isa misali, dukansu na mutanen da suka tashi a Zariya, kuma dukansu sun fasu cikin wata ɗaya, Yuli 2018, wanda ya yi daidai da Zulƙida 1439.

Na farko shi ne na Masai Ujiri. An haife shi a Ingila cikin 1970, aka kawo shi Zariya yana ƙarami, a nan ya fara da ƙwallon ƙafa kamar kowane yaro, kana ya koma ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya daɗe yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello. Bai yi wani suna a fagen wasa ba. Inda Allah ya ba shi baiwa shi ne ido, irin na dillalin doki wanda ke duban ɗan tsurut ya gane ingarma. Ya fara da nema wa wata ƙungiyar Amurka 'yan wasa ba albashi, har ya kai ga riƙe ƙungiyar Denver cikin 2010, sa'an nan ta Toronto a ƙasar Kanada cikin 2013.

To, a Toronto akwai wani ɗan wasa ana ce da shi DeMar DeRozan. Shekara 9 ya yi musu, mutanen gari suna ƙaunarsa domin shi ya zauna sa'ad da manyan 'yan wasa ke gudun sanyin garin, kuma cikin 2016 ya sa hannu a kan yarjejeniyar shekara 5 ta dala miliyan 139. Amma kullum in aka zo wasannin ƙarshe sai ƙungiyar ta faɗi. Ujiri ya fara da sallamar mai koyarwa, Dwane Casey, a shekarar da ya ci wasa 59 aka kuma zaɓe shi gwanin masu koyarwa. Ba a gama mamakin wannan ba sai ya miƙa DeRozan ga ƙungiyar San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard, mutumin da ciwo ya hana shi wasa in ban da sau 9 a kakar da ta gabata, saura shekara ɗaya tak yarjejeniyarsa ta ƙare, kuma an san ba Toronto ransa ke so ba. Kowane ɗan kasuwa zai ce cinikin biri a sama ke nan. Sai birin ya sauko: cikin Yuni 2019 Toronto ta doke Golden State ta ɗauki kofin da ba ta taɓa ɗauka ba, Leonard ne kuma gwarzon wasan.

Masu yabon Ujiri hujjarsu kofin ce. Masu zarginsa kuwa suna kawo abin da DeRozan ya yi kuka da shi, cewa an nuna masa ba za a sayar da shi ba, sa'an nan aka sayar. Ujiri kansa ya fito ya ba da haƙuri, ya ce an sami rashin fahimta a maganar da suka yi. A nan ya kamata a raba abu biyu da samari ke cakuɗawa. Musayar kanta babu zalunci a cikinta, gama sharaɗin yana cikin takarda tun farko, kuɗin DeRozan kuma ba a rage masa ko anini ba, sabon ubangida ya ci gaba da biya. Ujiri wakili ne, dukiyar da ke hannunsa ta masu ƙungiya ce, wakilin da ya bar riba don kunyar yaron shago kuwa ya ci amanar mai dukiya. Inda maganar ta yi tsami shi ne baki. In har ya furta abin da mutumin ya kwana a kansa da natsuwa, to kofi ba ya wanke wannan, domin ribar ciniki ba ta halatta saɓa alkawari. Ya fi kyau ya yi shiru tun farko, ko ya ce kasuwa ce za ta nuna.

Labari na biyu ya fi kusa da gida, ya kuma fi nauyi. Salisu Yusuf haifaffen Zariya ne, ya yi wasa a Ranchers Bees ta Kaduna, ya ci wa Kano Pillars kofin ƙasa cikin 2008 yana mai koyarwa, har ya zama babban mai koyarwa na gida a ƙungiyar Nijeriya. Cikin 2017, sa'ad da ya kai 'yan wasa gasar Afirka ta Yamma a Ghana, sai wasu mutane suka same shi da sunan dillalan 'yan wasa ne, suka yi masa zancen yara biyu da suke so a tafi da su gasar Afirka ta 'yan wasan gida, suka miƙa masa kuɗi, ya karɓa. Ashe 'yan jarida ne, mutanen Anas Aremeyaw Anas na Ghana, da na'urar ɗaukar hoto a ɓoye. Cikin Yuli 2018 gidan BBC ya nuna wa duniya.

Salisu bai yi musun karɓa ba. Cewa ya yi kyauta ce, dala 750 ce ba 1,000 ba, kuma yaran nan biyu da ma da ƙafarsu suka sami wuri, ko an ba shi ko ba a ba shi ba da su za a tafi. Kwamitin ladabtarwa na hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, wanda Nuhu Ribadu ke shugabanta a lokacin, ya fitar da hukuncinsa cikin Satumba 2018, ya tabbatar ya karɓi dala 1,000 da saninsa, amma ya ce bai ga shaidar kuɗin sun canza zaɓen 'yan wasa ba. Aka dakatar da shi shekara ɗaya, aka ci shi tarar dala 5,000. Ya cika wa'adinsa ya koma aiki.

Masu kāre shi a majalisun gari ba su rasa abin faɗi ba. Suna cewa tarko aka ɗana masa, mai ɗana tarko kuwa shi ma yana da nasa alhaki. Suna cewa ƙungiyar da ya zaɓa ta kai wasan ƙarshe a Maroko cikin Fabrairu 2018, ko da yake masu gida sun ci ta 4 da nema, wanda ya sayar da gurabe kuwa ba ya kai nan. Suna kuma cewa a ƙasar Hausa mayar da hannun kyauta baya rashin ladabi ne, kuma masu koyarwa a ƙasar nan sukan yi watanni suna bin albashinsu. Dukan wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma almajirin da ya yi nisa kaɗan ya san ƙissar mutumin da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kashi ya ce nasa ne kyauta aka yi masa, aka ce da shi ya zauna gidan iyayensa ya gani ko kyautar za ta zo. Ma'aunin ke nan, kuma ba ya bukatar a tabbatar hukunci ya karkata. Shehu Usmanu ma a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin al'adun da ya soka. Dillalin da ya miƙa wa mai zaɓe kuɗi ba don kyaun fuskarsa ya miƙa ba. In baki ya ci, ido ya ji kunya, ko ba a wannan zaɓen ba, a na gaba. Wanda aka cuta kuwa ba ya cikin hoton: shi ne yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makaranta cikin birni, wanda daga ranar nan ya daina yarda ƙafarsa kaɗai za ta kai shi.

Sai dai akwai wata magana da masu kāre Salisu ba su cika so a tayar ba, ita ce ta daidaiton hukunci. Cikin Yuli 2013, a wasannin neman hawa aji da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, rana ɗaya, domin kowace na neman ta fi 'yar'uwarta yawan ƙwallaye. Hukumar ta haramta wa 'yan wasan da jami'ansu ƙwallo har abada, ƙungiyoyin kuma shekara 10. Laifinsu ya fi muni, babu shakka, gama su wasan kansa suka sayar. Amma cikinsu akwai ƙananan yara da umarni kawai suka bi, aka rufe musu ƙofa dindindin, babba kuwa shekara guda.

Shi kuwa Ujiri, Leonard bai ƙara ko wata ɗaya ba bayan kofin, ya tattara ya koma Los Angeles, a jiharsu ta haihuwa. Toronto ba ta sake kusantar kofin ba a sauran shekarunsa, kuma cikin Yuni 2025 masu ƙungiyar suka sallami Ujiri, saura shekara ɗaya a takardarsa.