Ba 'Yan Kallo Suka Kashe Silima a Kano Ba

Ra'ayin da ake yawan bugawa cewa ihu da rashin tarbiyyar 'yan kallo ne suka durƙusar da gidajen silima a Kano ya bar jaki yana dukan taiki. Tarihin harkar bai goyi bayansa ba.

Silimar Rex, wadda aka buɗe a 1937, a bayan ganuwa take, nesa da idon malamai. A 1951 gobara ta tashi a El Duniya, mutum 331 suka halaka, jama'a da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin azaba daga Allah. Da aka gina Palace a Jakara, daf da Kasuwar Kurmi, mutanen cikin birni sun yi bore tun kafin a haska fim ko ɗaya. Ashe ƙyamar ta riga hayaniyar zuwa. Mai mutunci ya ƙaurace wa wurin, ya bar wa samari da 'yan daba fili.

Shewa kuwa, da bin waƙar fim ɗin Indiya da baki, su ne armashin kallon a Plaza ta Fagge da Orion ta Ƙofar Wambai. Abin da masu wancan ra'ayin suka tsallake shi ne aikin masu gida: ɗan kallo ba ya sayar da tikiti fiye da kujeru, ba shi ke tsara ƙofar fita ba, ba shi ke ɗaukar mai gadi ba.

Daga baya bidiyo ya kai fim cikin ɗaki, gwamnatin jiha ta rufe gidajen a ƙarshen 2000 bayan ƙaddamar da Shari'a, sannan aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Ginin Palace tuni ya koma asibiti.