Kakar da ke cikin wayar salula ba kakarmu ba ce



Kwanan baya wata baiwar Allah mai saida ƙuli-ƙuli ta kira mu a gidan rediyo, ta ce ɗanta mai shekara 8 ya kwana uku yana zabura cikin dare yana kururuwa wai tsohuwa na bin shi da kulki. Har an kai shi wajen malam an karɓo rubutu. Da wan yaron ya duba wayar uwar, sai ga tsohuwar a ciki.

Sunan wasan Granny, ma'ana kaka. Wani ɗan ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 2017, ba wani babban kamfani ba. Mai wasa yakan farka cikin gida a kulle, an ba shi kwana 5 ya tsere. Komi ya faɗi ƙasa tsohuwar za ta ji, ta taho da kulkinta, shi kuma ya ɓuya ko ya nemo bindiga ya harbe ta. Yaro ba ya ganin wani jarumi kamar a fim, da idonsa yake ganin ɗakin, sai ka ce shi ne a ciki. Wasan ba ya buƙatar intanet, yara na tura wa junansu ta Xender a wajen cajin waya.

Wani zai ce ai mu ma an tsorata mu da Dodo muna yara, kuma ba mu lalace ba. Gaskiya ne. Amma tatsuniya a tsakar gida ake yin ta, cikin ƴan uwa, kaka na gefe, in ta ce ƙurunƙus an gama sai barci. Wannan kuwa yaro shi kaɗai ne ƙarƙashin bargo, kuma da an kashe shi sai ya sake farawa.

Ban ce wasa zai maida ɗanki ɗan ta'adda ba. Abin da na gani da idona shi ne rashin barci, gyangyaɗi a aji, da kuɗin aike da ke ƙarewa a wajen caji. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka.

Laifin ba na yara kaɗai ba ne. Ciniki ya yi zafi, yaro na kuka, sai mu miƙa masa waya don ya yi shiru, wayar da kuɗinmu da lambobin abokan cinikinmu ke ciki.

Duka ba magani ba ne, domin gobe zai ari wayar abokinsa. Ki zaunar da shi ki ce ya nuna miki abin da yake bugawa. A Play Store kowane wasa na ɗauke da lambar shekaru, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18. In ba ki karatu, wannan lamba dai kin san ta kamar yadda kika san farashi. Wanda aka turo ta Xender ba a ganin lambarsa, a sa babba ya duba. Bayan sallar isha'i kuma waya ta kwana wajenki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba da kasuwa mai albarka.