Numfashi Ba Ya Narkar da Teɓa, Mu Daina Rubuta Haka



Wannan makon da kanmu za mu yi faɗa. Wani saƙo yana ta yawo a wayoyin matasa daga Daura har Mai'adua da Zango: wai ka ja numfashi ka riƙe, ka sake shi a hankali, minti goma safe da yamma, teɓa za ta narke, ciwon suga ya gudu. Da mai tallar magani da lasifika ne ya faɗa, da ba mu damu ba, abincinsa yake nema. Abin takaicin, namu ne suka gyara wa saƙon Hausa suka sa masa kanu. Wata ma cusa shi ta yi a labarinta: jaruma ta zubar da magungunanta, ta zauna tana jan numfashi, shafi na gaba likita ya riƙe baki.

Ƙaryar tana da ɗan tushe, shi ya sa take shiga kunne. A 2014 Ruben Meerman da Andrew Brown na Ostireliya sun buga wani lissafi a mujallar likitocin Birtaniya: in mutum ya rage kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar kabon, ragowar kilo 1.6 ruwa ne. To amma huhu ƙofar fitar hayaƙi ce, ba murhu ba. Sai jiki ya ƙona kitsen tukuna, da aiki ko da rage ci, sannan a sami abin fitarwa. Wanda ya zauna yana haki da gangan, jiri kawai zai kwasa.

Ba mu ce numfashi a hankali banza ba ne. Yana kwantar da hankali, damuwa kuwa tana iya ɗaga suga a jini. Iyakarsa ke nan.

Ga inda abin ya wuce wasa. Akwai nau'in ciwon suga da ya fi kama yara da matasa, wanda jiki ya daina samar da insulin. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, mai wannan ciwo ba ya daɗewa. Yau ma in ya ajiye allurarsa, cikin 'yan kwanaki zai iya suma, ya iya rasa ransa. Yarinyar da ta gaji da tsira wa kanta allura kullum, ta karanta labarinmu ta ga jaruma ta warke, wa za ta bi? Mu ba mu san fuskarta ba, amma ita ta san sunanmu.

Kuma mun san dalilin da ya sa saƙon ya yi mana daɗi: ba ya hana mu komai. Daga rijiyar Kusugu zuwa ƙofar fada sai mun tare babur, shayinmu sai cokali ya kusa tsayawa, lemon kwalba bayan kowace shinkafa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki a mako take nema daga baligi. Wannan ba ya jawo tsokaci a Facebook, shi ya sa ba mu rubuta shi.

In jarumarki tana yawan ƙishirwa da fitsari, tana ramewa, kai ta asibiti a auna ta. Awon safe kafin a ci komai, in ya kai 126 aka sake ya maimaita, ciwon suga ne. Akwai labari a nan: kuɗin allura, surutun dangi, saurayin da ya ja baya.

Daga yau duk rubutun lafiya da aka turo zauren nan, za mu tambayi mai shi inda ya samo. In amsar “turo min aka yi” ce, ba za a ɗora shi ba.