Tulin Soso a Kan Sirdi Ba Ya Maganin Ciwon Mazaunai

Wannan makon a kan keke zan yi magana.

Duk wanda ya saba zama wajen mai gyaran keke ya san yadda ake naɗe sirdi da soso da tsumma, a ɗaure da roba, har ya koma kamar matashin kai. Ɗalibin da makarantarsa ke da nisa, da manomin da ke kai kaya kasuwar wani gari, sauƙi suke nema. A ganina, wannan soson ƙara musu wahala yake yi.

Ga dalili. A ƙasan mazaunan mutum akwai ƙasusuwa biyu da aka halitta don ɗaukar nauyinsa idan ya zauna. In sirdi na da ɗan tauri, a kansu nauyin ke sauka. In kuwa laushi ya yi yawa, sai su nutse, soson ya taso ya danne tsakanin cinyoyi, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suka bi. Shi ya sa bayan awa guda wurin yake yin kamar ba a jikinka yake ba. Ga zufa da soso ke riƙewa, ga guga, daga nan sai ƙuraje da maruru.

Wani zai ce ai laushi ya fi daɗi. Gaskiya ne, in daga gida zuwa bakin titi za ka. Amma dubi masu tseren Tour de France a Faransa: sukan yi fiye da kilomita 3,000 cikin mako uku, kuma siraran sirdi masu tauri suke hawa. Kamfanin Brooks na Ingila ya haura shekara 100 yana yin sirdin fata, wanda ke farawa da tauri, a hankali ya ɗauki siffar mai shi.

To mene ne abin yi? Fara da tsayin sirdi. Zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkace ba. In sirdi ya yi sama, za ka riƙa rangaji hagu da dama, fata na gogewa. In ya yi ƙasa, gwiwa ce za ta biya bashin. Sannan a daidaita shi ya kwanta sosai, kada hancinsa ya ɗaga sama ko ya sunkuya. Wannan aikin sifana ne na minti biyar. Faɗinsa kuma ya isa ya tallafi ƙasusuwan nan biyu.

A hanya, duk bayan minti 10 ko 15 ka miƙe tsaye a kan feda na ɗan lokaci, jini ya zagaya. Ka guji wando mai kaurin ɗinki a tsakiya, irin jins. Ka shafa man kaɗanya inda ke guga, in ka sauka ka yi wanka ka sauya kaya. Nisa kuma a riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan, domin sannu ba ta hana zuwa.

In an yi duk wannan amma wurin ya ci gaba da mutuwa kwana da kwanaki, kada kunya ta hana ka ganin likita.

Allah ya kiyaye hanya.